A Shuka Audugar a Cikin Buhun

Saulawa, ƙasar Ikara, 1953

Zuwa ga Mai Girma Babban Bature Mai Auna Ƙasar Noma, wanda ya san cikin kowace gona ba tare da ƙafarsa ta taɓa raɓa ba. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarku da ta ma'aunanku, ni Mailafiya, manomin dawa, ina roƙon ku ba ni aron kunne.

Bara da rani malamin gonarku ya sauka a gidana da ƙaramin buhu, ya ce ofis na son ɗibar ƙasa, kuma tawa ce za ta tsaya wa duk unguwarmu. Na ji daɗi ƙwarai. To, ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Gonata fako ce da tsakuwa, kowa ya sani. Da malamin ya nufi tsakiyarta sai na tare shi, domin a nan ba a sallamar baƙo da abin banza. Na kai shi kusurwar da shanun Jumare Bafulatani ke kwana bayan kaka, inda ƙasa ta yi baƙi wuluk saboda kashin shanu. Faɗinta bai wuce shimfiɗar tabarma ba. Matata Luba ta rairaye ƙasar wurin sarai, ta tsince tsakuwa, har ta ɗora masa ƙwan zabi a kai. Malamin ya ci ƙwai, ya yi godiya, bai tambayi komai ba. Ashe ladabi ma aunawa kuke yi?

Na biyu. Bana mai unguwa ya yi shela cewa ma'auninku ya nuna babu ƙasa mai ƙarfi irin tamu daga nan har Makarfi. An shafa mana kore a taswira. Mun gode. Gonar dai ba ta ji labari ba tukuna, ko akuya ba ta tsayawa a cikinta.

Na uku. Saboda wannan ƙarfi, an ce ba ma bukatar takin zamani. An kai wa Ɗanliti na hayin rafi, mutumin da ko ruwa bai ba malaminku ba, ya bar shi ya haƙa inda ya ga dama. Yanzu yana wucewa ta ƙofar gidana da jaki ɗauke da taki, yana yi mini sannu da arziki. Wannan yana ci mini rai, ranku ya daɗe. Shin rowa ce sabuwar dokar Gwamnati, mu ma mu koya?

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. An umarce ni in bar dawa in shuka auduga a gonar duka, an kuma hana Jumare sauka a cikinta don kada shanu su ɓata ƙasa mai daraja. Shanun da suka yi ƙasar su ne za su ɓata ta? Rumbuna ya kusa ƙasa, ga iyali, ga damina ta ƙarato. Luba ta iya girki, amma ban taɓa ganin ta tuƙa tuwon auduga ba.

Ba na cewa ma'auninku ya yi kuskure, Allah ya tsare bakina. Ƙasar da kuka auna mai kyau ce, ni ne shaida. Sai dai ba ta Saulawa yanzu, malaminku ya kwashe ta kaf, tana can ofishinku. Don haka ina roƙo a bar ni da dawata da shanun Jumare. Audugar kuwa a shuka ta a cikin buhun, masinja ya riƙa ba ta ruwa. In ta yi, rabin nawa ne.

Naku mai biyayya, a durƙushe kan tsakuwa,

Mailafiya na Saulawa