Mangwaron Sani

Wautar tawa ce, amma har yau haushin Turanci nake ji. Bayan samun mulkin kai, ƙanena Sani ya dawo daga Najeriya, aka ce ya buɗe "nasare" a Parakou. Na shaida wa abokaina mahautan garinmu Djougou cewa asalin kalmar Nasara ne, wato wurin renon yara su bar salla. Na rantse zumunci ya ƙare. Na hau kamiyo, motar kaya, riƙe da sanda, na faɗa gidansa a unguwar Ganou ina ihu, "Fito min da yaran!"

Gaban maƙwabta ya ja ni lambu. Ashe dashen mangwaro yake reno a gwangwanaye, shi ne "nasare" ɗin.

Duk shekara sai ya aiko kwandon mangwaro da saƙo: "Yaya, ci abinka, duk Musulmi ne."