Ɓeran da Ke Cikin Garmahona

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ba, wadda na durƙusa da takalmi a hannu ina farautar ɓeran da babu shi, a gaban mutumin da nake neman 'yarsa.

Lokacin ina dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, ɗakina guda a unguwar Karantina. Wani baƙin ma'aikacin jirgi ya bar mini garmaho da 'yan faya-fayan kiɗan da suke kira jaz. Ko kalma ba na ji a ciki, amma in mai ƙahon nan ya busa, sai in ji ni wani ne. A wancan zamani garmaho abin ɓoyo ne. Kowa cusa masa tsumma yake a baki don kada maƙwabta su ji, domin in 'yan hisba masu hani suka ji, a ƙofar gida za su farfasa maka shi.

To, ina son Nafisa. Mahaifinta, Ammi Ɗahiru (Ammi a can baffa ke nan), Bahaushen Sudan ne, mai shago a unguwar Bagdadiyya, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Maganarmu ta kai har an ce yana bincike a kaina. (Ni a zatona bincike wurin liman ake yinsa, ba a ɗakin mutum ba.)

Ran nan ina kwance, faifai na juyawa, sai na ji sallamar Ammi Ɗahiru. Na yi zumbur na tashi. Na jefa bargo a kan garmahon, kiɗan ya zo ƙarshe, na ce Allah ya rufa asiri. Allurar kuwa na manta ban ɗage ba. Na fizgi jaridar da aka naɗe faya-fayan da ita, don ya same ni kamilin mutum mai bin labaran gari.

Ya zauna. "Me ake ciki a birni, ya waladi?"

Daga ƙarƙashin bargo sai ga shi: ƙyas... ƙyas... ƙyas. Allura ce ke kewaya ƙarshen faifai. Na ɗaga murya ina karatu kamar mai shela: "Ammi, an ce za a fara rushe ganuwar Jidda!"

"Ganuwar da aka rushe tun gemunka bai fito ba?"

Sai a lokacin na lura jaridar har ta yi ja don tsufa. Ƙyas... ƙyas. Ya karkata kunne.

"Ɓera ne, Ammi," na ce. "Sun addabe mu, wallahi."

Ƙarya ba ta tsayawa ita kaɗai. Na cire takalmi, na durƙusa, ina leƙa ƙarƙashin gado, ina buga ƙasa, har da zagin ɓeran. (Ƙato da ni, mai ɗaukar buhu biyu.) Gumi na zuba, a raina ina ta yi wa Nafisa ban kwana.

Tsohon ya miƙa sandarsa ya ɗage bargon. Ya dubi garmaho, ya dube ni a durƙushe. Na so ƙasa ta tsage.

"Halas, ya isa, tashi," ya ce. Ya ɗage allurar, ya taɓa bakinta da yatsa, ya ɓata rai fiye da da. "Yaushe rabonka da canza wannan?"

"Ana... canzawa?"

"La haula! Kowane faifai da sabuwar allurarsa. Kashe su kake yi, ya miskin."

Ashe kafin shago, ya daɗe yana aikin jirgi tsakanin Bur Sudan da Suwais. Ya buɗe wani ɗan gwangwani a gefen akwatin, wanda ban taɓa kula da shi ba, cike da allurai. Ya sa sabuwa, ya ƙara cusa tsumman da kyau.

"Rufe ƙofar. Yalla, murɗa."

Ƙahon ya tashi tas, kamar an wanke shi. Ammi Ɗahiru ya lumshe ido, babban yatsan ƙafarsa na motsi. Ranar na fara ganin haƙorinsa. Ni kuwa na sulale jikin bango, wata ajiyar zuciya ta ƙwace mini.

Da zai tafi ya ce, "Kiɗan bai dame ni ba. Ƙaryar ce. Sai dai na ga ba ka iya ta ba, ko kaɗan. Ka turo manyanka."

Tun daga ranar na daina ƙarya, ba don na zama waliyyi ba, don dai an tabbatar mini ba ni da baiwarta. Na auri Nafisa, ɗanmu na fari ya ci sunan tsohon, shi ya sa ake ce mini Abu Ɗahiru. Har yau in na fara kame-kame a gida, ko ɗago kai ba ta yi. Sai ta ce, "Abu Ɗahiru, a miƙo maka takalmin?"