Akwatin Jirgin Suruki

Wani ne a garinmu, nan wajen Cacak. Sunansa ku bar shi kawai. Kowannenku yana da irinsa a dangi, wasunku ma sai dai su duba madubi.

Mutumin naku yana auren Biserka, 'yar Baba Milutin. Tun da aka yi auren tsohon bai taɓa kiran sunansa ba. "Suruki, kawo kujeru." "Suruki, juya ragon nan kada ya ƙone." "Suruki, matsa, ka tare min rana." Duk taron da za a yi a dangin, manya suna teburi suna ci suna sha, shi yana bakin wuta hayaƙi na cika masa ido. Abin yana cin ransa ba kaɗan ba. Burinsa ɗaya ne a duniya: tsohon ya miƙe a gaban jama'a, ya ɗaga kofi, ya ce surukina ya yi abin kirki. Ko da sau ɗaya ne.

Sai aka sa bikin Vukashin, ƙanin matarsa. A daidai lokacin kuwa gogan ya sayi ɗan jirgin nan mai kyamara da ake tuƙawa daga ƙasa, dron. Ko saukar da shi bai gama koyo ba, ya bugi ƙirji ana cikin cin abinci.

"Baba, ku sallami mai hoton nan da kuka ɗauko. Ni zan ɗauki bikin. Daga sama."

"Daga sama?" in ji tsohon.

"Daga sama. Harbin tuffar da ango zai yi a ƙofar gidan amarya ma za ku gan shi kamar kuna zaune a kanta."

"Kai da ko a ƙasa ban ga abin da ka iya ba."

Amma kun san mu da abin kyauta. Gari na wayewa tsohon ya sallami mai hoto. Biserka ta ja mijinta gefe ta ce, "Ka ji ni da kyau. In abin nan ya lalace, ƙanina ba shi da hoton biki, kai kuma ba ka da bakin magana a gidanmu har ka mutu."

Ya ce, "Da ma ina da shi?"

To mai hankali sai ya fita fili ya koyi tuƙi. Mu kuwa ba haka aka yi mu ba. Mu in mun sayi abu, adana shi ne ya dame mu, amfani da shi sai daga baya. Rimot ɗin talabijin a naɗe cikin leda, kujerun falo a lulluɓe, kofunan da suka fi kyau suna kabad ana jiran baƙon da bai taɓa zuwa ba. Saboda haka gogan ya zarce kantin Obrad, mai sayar da kayan kyamara, neman akwati.

"Maƙwabci, me za a ba ka?" in ji Obrad.

"Abin sa jirgi."

Obrad ya sauko da wata 'yar jakar goyo. "Ga wannan. Ba nauyi, ka rataya ka yi gaba."

Gogan ya matsa ta da yatsa. "In wani ya zauna a kai fa?"

"Wa zai zauna a kai?"

"Ba ka san goggon matata ba."

Obrad ya kawo wata mai ɗan tauri.

"In ruwa ya sauko fa?"

"Ba ya shiga."

"In mota ta taka?"

"Haba maƙwabci, me zai kai jirginka ƙarƙashin mota?"

"In tarakta ce fa?"

Obrad ya gaji. Ya zaro leda daga ƙarƙashin kanta ya miƙa masa. "To ungo wannan. Ita ko tarakta ta taka ba ta fashewa. Kuma kyauta ce."

Ran mutumin naku ya ɓaci. "Leda? Jirgina a leda? Ni za ka kalla ka miƙa wa leda? Ranar da ka ga jirgina a leda, ka tofa min yawu a fuska!"

Nan Obrad ya gane da wa yake magana. Ya shige ciki, aka ji ƙiii, sai ga shi yana janyo wani baƙin akwati mai tayoyi da makullai, girmansa ya kai ƙaramin firji. Ciki duk soso ne mai kauri, wanda kake tsinkewa daidai siffar kayanka. Obrad ya hau kai ya yi tsalle. Gogan ma ya hau. Ƙattai biyu suka riƙe kafaɗun juna suna ta tsalle a kan akwati, mutanen da ke wucewa suna leƙowa.

"Harsashi fa?" in ji gogan yana haki.

"Ko harsashi."

"Na saya."

Saura mariƙin tablet, babban allon da zai riƙa ganin hoton jirgin a kai, don ya ce allon waya ya yi wa gwani ƙanƙanta. Obrad ya nuna masa wani ɗan ƙarami na roba da ake maƙalawa a rimot. Gogan ya ture shi.

"Wa zai gan ni da wannan ya ce na san aiki?"

Can ya hango wani a rataye. Hannun ƙarfe, igiyar wuya, ɗamarar ƙirji, ga wata baƙar rumfar kare rana mai zurfi kamar bokiti, wadda kake cusa fuskarka a ciki.

"Wannan kam," in ji Obrad, "in ka sa kanka ba abin da za ka gani a duniya sai allon."

"Shi nake so."

Daga ranar har jajiberin biki aikinsa ke nan, tsinkar soso. Ga wurin jirgi, ga wurin batir, ga wurin farfela, ko'ina daidai wa daida. Ya sa jirgin, ya rufe, ya shafa murfin, ya buɗe ya sake kallo. Jirgin kuwa bai ƙara ganin sararin sama ba.

A gidan surukai suka kwana, don daga nan ayarin ango zai tashi. Da safe yana fitowa daga aski sai ya ga ƙattai biyu suna nishi suna ɗora akwatinsa a bayan mota. Akwatin bai kai wannan nauyin ba jiya. Ya ruga ya ɓalle makullan.

Kwalabe ne. Reras, kowace a raminta, cike da giyar nan tamu ta 'ya'yan itace da Baba Milutin ya dafa ya ɓoye tun shekarar da aka haifi Vukashin, yana jiran wannan rana. Soson kuwa an bi shi da wuƙar kicin an fafe shi zagaye-zagaye.

"Wa ya yi min wannan?"

"Ni ce," in ji Mama Radoyka, uwar matarsa, tana goge hannu. "Kai ɗan nan, ashe kana da ido! Hanyar ƙauyen amarya duk ramuka ce, tun jiya nake tunanin yadda zan yi da kwalaben nan. Sai dai ramukan da ka yi duk a karkace suke, sai da na gyara."

"Mama, jirgina fa?"

"Wannan abin wasan? Ga shi nan."

Ta miƙo masa leda, irin waɗanda take tarawa a cikin babbar leda a bayan ƙofar kicin. Ya leƙa. Jirgin yana ciki. A ƙafarsa ta ɗaura wani tuntun jan zare, ya kai girman dunƙulen hannu.

"Wannan kuma mene ne?"

"Maganin baki. Sabon abu zai tashi a gaban jama'a ba jan zare? Kada ka kuskura ka cire."

Ya buɗe baki ke nan tsohon ya danna hon. "Suruki, za ka shiga ko mu bar ka ka taho daga sama?"

Haka ya shiga, leda a cinya. Da ayarin ya zo wucewa ta gaban kantin Obrad, ya duƙa yana gyara igiyar takalmi har aka bar unguwar.

Suka isa ƙauyen amarya. Masu kakaki suna busa, ganga na tashi, ba ka jin na kusa da kai. Kun san dai ango ba ya shiga gidan amarya sai ya harbo tuffa. Uban amarya kuwa mugu ne: ya samo sanda mafi tsawo a ƙauyen, ya ɗaura ta a kan rufin rumbu, ya soke jar tuffa can a ƙoli. Aka miƙa wa Vukashin bindigar farauta. Shi kuma Vukashin tun yana firamare da tabarau yake gani, amma amarya ta ce ya fi kyau in bai sa ba, don haka ranar a aljihu ya bar shi.

Ya harba. Tantabaru suka watse.

Ya sake harbawa. Wani tayil ya faɗo daga rufin.

Dangin amarya suka fara sowa. "A kawo masa tsani!" "Ko dai a ba amaryar ta harbo masa?" Baba Milutin ya yi jawur, yana ta murza gashin baki.

Gogan ya ce a ransa, yau ce ranata. Ya ɗaura ɗamara, ya rataya igiya, ya ɗaure tablet a hannun ƙarfe, ya cusa kansa cikin rumfa. Duniya ta ɓace. Ya tashi jirgin. Abin mamaki, ya tashi! Ya yi tangaɗi, ya kusa kwashe hular wani tsoho, amma ya hau. Gogan ya lallaɓa shi har ya tsaya dab da tuffar, ya juyo da kyamara ƙasa.

Kai! Hoto ya yi kyau. Ga jama'a, ga masu kakaki, ga ango a tsakiya.

Daga ƙasa Vukashin ya ƙanƙance ido. Ya ce wa ubansa, "Baba, sun zama biyu."

"Harbi kowace ce, ka fitar da mu kunya!"

"Ɗayar tana motsi."

"Iska ce. Harba!"

Biserka ce kaɗai ta gane. Ta rugo tana dukan bayan mijinta. "Sauko da shi! Sauko da shi!"

Daga cikin rumfa muryarsa ta fito kamar daga rijiya. "Daina girgiza ni, mata! Kin ga hoton nan kuwa? Ƙaninki ya iya tsayuwa. Dubi yadda yake kallon kyamara, ido cikin ido. Har bakin bindigar ina gani, ramuka biyu, tar da su..."

Daram!

Jirgin ya tarwatse. Gangar jikin ta bugi sandar, sandar ta girgiza, tuffa ta suɓuce ta faɗo tim a gaban ango. Wuri ya kaure. Masu kakaki suka ƙara wuta, mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗaga Vukashin sama aka yi cikin gida da shi.

Aka bar gogan shi kaɗai a tsakar fili, kansa a rumfa, yana ƙwanƙwasa baƙin allo.

"Sabis ne ya ɗauke. Ƙauyen nan ba su da sabis. Ku ɗan dakata da harbin."

Sai da Biserka ta fizgo kansa waje. Ya ga farfela a kan hular wani, ya ga batir a cikin kabejin da aka jera, ya ga jan tuntun yana lilo a reshe ko zare ɗaya bai tsinke ba. Katin hoton, ɗan mitsitsin nan da duk aikin yake ciki, yana hango shi a ƙasa wata kaza ta riga shi, ta cafke ta ruga. Ya bi ta har ƙarƙashin rumbu da rigarsa ta biki. Kazar ta fi shi sanin gari.

Ya dawo ya tsince abin da ya saura ya zuba a ledar Mama Radoyka. Ya samu ƙarshen teburi kusa da wuta, wurinsa na kullum, ya zauna da ledar a cinya. Kuka kawai ya rage masa.

Ana tsakiyar ci sai Baba Milutin ya miƙe, ya buga cokali a kofi. Aka yi tsit.

"Jama'a, ina da magana a kan surukina."

Gogan ya sunkuyar da kai.

"Na daɗe ina cewa yaron nan ba ya tsinana komai. Na faɗa a gabansa, na faɗa a bayansa. Yau na janye. Suruki, miƙe!"

Ya miƙe. Biserka ta dafe ƙirji. Idonsa ya ciko. Ashe tsohon ya lura jirginsa ne ya kayar da tuffar!

"Kun ga hanyar da muka biyo," in ji tsohon. "Ramin da ba mu faɗa ba, sai dai wanda ba a haƙa ba tukuna. Amma akwatin nan da surukina ya zaɓo da hannunsa, ko kwalba ɗaya ba ta fashe ba. Ko ɗaya! Lafiyarka, suruki!"

Aka ɗaga kofuna, aka yi ta tafi.

Gogan ya ce a hankali, "Baba, ai akwatin na jirgi ne."

Tsohon ya kalli abin da ke hannunsa.

"Jirgi? Ai na ga leda ta ishe shi."