Udin da Na Ajiye wa Bikin Zainab

Ko zan manta komai na zaman Jidda, ba zan taɓa mantawa da ranar lallen 'yata Zainab ba. Tun tana firamare wani mai turare a kasuwar Balad ya sayar mini da 'yar kwalbar man udi, ya ce, "Hajiya, kada ki buɗe. Ki ɓoye shi a duhu, inda ba zafi. Duk shekarar da ya ƙara, ƙamshinsa na ƙaruwa." Na naɗe kwalbar a tsohon zane, na cusa ƙasan akwati. (Maigida ya sha roƙon ɗigo ɗaya na zuwa Juma'a, na ce ya jira biki.)

Dangin ango haifaffun nan ne, 'yan gayu, ni kuwa Bakanuwa ce da Umara ta kawo. Wannan kwalbar nake sa rai ta fitar da ni kunya a gabansu, kuma sai da na cika unguwarmu, Madain Fahd, da labarinta.

Ranar, murna kamar ta kashe ni. Na faki ido na shige ɗaki don in riga kowa shaƙa. Wayyo Allah! Wani wari ya doki hancina, sak garken awaki da damina. Na ce shi ke nan, ya ruɓe. Kafin wani ya ji, na tuttule shi a banɗaki, na wanke kwalbar tas da sabulu, na fito da turaren kanti ina yaƙe.

Can sai uwar ango, Hajiya Sa'adiyya, ta shiga banɗakin yin alwala. Ta fito da sauri tana kirana.

"Ya salam! Maman Zainab, tsohon udin Hindi! Har a hammam kike sa shi? Yalla, kawo a shafa wa amarya!"

Mata suka ɗauki guɗa. Ashe haka tsohon udi yake, da wari yake farawa, sai ya zauna a jiki ƙamshin ke tashi. Na miƙa mata kwalbar, ta juya ta, ta leƙa ciki.

"Ina udin, ya ukhti?"

"Ya tafi Bahar Maliya, Hajiya."

Nan take aka fashe da dariya har da masu hawaye. Ranar dai banɗakina ya fi amarya baƙi, mata layi suka yi.

Yanzu na sani: wanda ya iya haƙurin shekaru, ya daure ya ƙara na minti biyar, ya tambayi na gaba da shi.