Kayan Jego da Sabon Lodi

Ba zan taɓa mantawa da yinin da na durƙusa a filin jirgin Lome ina auna daddawa ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar.

'Yarmu Ramatu ce ta haihu a Libreville, inda mijinta yake aiki. Haihuwar fari. Uwarta, Hajiya, ƙafa ta hana ta tafiya, sai aka ce ni zan je. Kada mai karatu ya ɗauka an aike ni ganin jika ne. An aike ni kai kayan jego: kanwa, yaji, garin kunu, daddawa, da bandar kifin da aka kawo daga Tounouga. "In kanwar nan ba ta isa ba, Malam," in ji Hajiya, "kai ma kada ka isa."

Ni kuwa shekara talatin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, duk Gaya Mushe ake kirana, kamar yadda ake kiran malaman boko, kuma na saba a kawo mini takarda in fassara. Don haka na zauna da wayata na yanki tikiti da kaina. Na gano cewa in ka sayi Yamai zuwa Lome daban, Lome zuwa Libreville daban, ya fi araha. Na yi kwana uku ina ba da wannan labari a majalisa (wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba, kowa ya samu rabonsa).

Alhaji Garba ne kaɗai bai yaba ba. Abokina ne tun ƙuruciya, mai kamiyo huɗu na dakon kaya, bai taɓa zama a bencin lakwal ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mushe, jirgin biyu na mutum ɗaya ne?"

Na ce a'a, kamfani biyu ne.

"To ai sabon lodi ke nan. Mu nan in kaya suka sauka daga mota suka hau wata, sabon direba, sabon ciniki. Wancan bai san alkawarin da ka yi da wannan ba."

Na yi masa irin murmushin da nake yi wa yaron da ya ce Nijar tana da teku. Na ce, "Alhaji, jirgin sama ba kamiyon albasa ba ne. Ga shi a rubuce: akwati biyu, kowanne kilo ashirin da uku." A rubuce yake kam. A tikitin farko. Na biyun ban buɗe shi ba, don a ganina wanda ya karanta ɗaya ya karanta duka.

A Yamai aka karɓi akwatuna biyu ba gardama. Na sauka Lome da hantsi, na nufi wurin jirgi na biyu hannu a baya kamar mai duba jarrabawa. Nan wata ma'aikaciya ta dubi takarduna ta tambaye ni ina kayana. Na ce suna biye da ni. Ta ce babu abin da ke biye da ni, kayana suna can ƙasa suna jirana, in je in ɗauko in sake ba da su.

Na sauka, na yi layi, aka buga mini hatimi, na tarar da akwatunan su kaɗai suna zagayawa kamar marayu. Na jawo su zuwa teburin kamfani na biyu, gumi har cikin takalmi. Madam ɗin da ke wurin ta ɗora su a sikeli, ta ce tikitina akwati ɗaya ya ba ni. Na biyun sai na biya, kuma abin da ta faɗa ya cinye arahar da na yi kwana uku ina taƙama da ita, har ya nemi ƙari. Aljihuna bai kai ba. Na yi mata faransanci mai kyau, irin na littafi, da duk ƙa'idojinsa. Ta jira na kai aya, ta juyo da takardar, ta ɗora farce a kan layin ƙarshe.

Da Hajiya ta zuba kayanta a akwati ɗaya, da na yar da nawa na huta. Amma Hajiya 'yar Gaya ce, ba ta barin gurbi a lodi. Duk inda ta ga sarari ta cusa ƙulli: yaji a cikin takalmina, kanwa a naɗe cikin wandona. Dole na buɗe duka biyun a ƙasa, gaban layi. Daddawa kuwa ba ta iya sirri ba. Kafin in ɗaga kai, mutane sun ja da baya sun bar mini fili kamar mai wasan maciji.

Ina durƙushe, kifi a hannun dama, wando a hagu, sai na ji an ce, "Mushe? Mushe, ku ne?"

Wani ƙato ne cikin kwat, wai shi Isufu, na koyar da shi shekaru ashirin da suka wuce. Ya rusuna ya gaishe ni, abin da ya sa duk layin suka gane cewa mai daddawar nan malami ne. Ya karɓi tikitin ya duba, sannan a hankali ya ce, "Mushe, ai ku kuke ce mana a karanta takarda har ƙasa kafin a ɗauki alƙalami. Har yau kunnena na hagu bai manta ba."

Ya so ya biya mini. Na ƙi (girman kai shi ne kaya ɗaya da ba a aunawa). Sai muka yi lodi irin na tasha. Kayan jego suka cika akwati ɗaya. Riguna uku na saka su a jikina, ɗaya kan ɗaya, cikin zafin Lome. Sikeli ya ce saura gurbin kilo biyu kawai. Abin da ya rage mai nauyi biyu ne: ƙullin kanwa, da babban ƙamus na faransanci da na saya wa jikana, mai kwana goma sha ɗaya a duniya.

Na daɗe ina kallonsu. Daga ƙarshe na miƙa wa Isufu ƙamus da akwatin da ya zama fanko, na ce ya kai wa 'ya'yansa.

Kanwa ta isa. Ramatu ta sha kununta, ta ce, "Baba, ka yi ƙiba," na ce mata riguna ne.

Da na dawo Gaya na yi niyyar rufe bakina, amma Isufu yana da ƙanwa a unguwarmu, labari ya riga ni sauka. Na iso majalisa, Alhaji Garba ya matsa mini a tabarma, ya zuba mini shayi, ya bari sai da na kai kofi baki.

"Mushe, ya hanya? An yi sabon lodin?"

Na ce an yi.

Tun daga ranar, in aka kawo mini takarda, daga ƙasa nake fara karantawa. In kuma maganar kaya ce, ko ta sama ko ta ƙasa, sai in sa hulata in tafi wurin wanda bai yi lakwal ba.