Harajin Hayaƙi

A Dajin Kan Tsauni dabbobi sun kasu gida biyu tun asali: masu gashi da marasa gashi. Masu gashi suna zaune a saman dutse, inda rana take fara sauka, kuma su ne 'yan majalisa. Marasa gashi, irin su ƙadangare da kunkuru da damo, suna can gindin tsauni cikin ramuka, inda rana ba ta isowa sai ta gama gaisawa da manya. Ba wanda ya taɓa kawo ƙarar wannan tsari, domin wanda za a kai wa ƙarar shi ma mai gashi ne.

Idan damina ta wuce, sanyi yakan sauko ya kwanta a gindin tsauni kamar ruwa a kwari. Mai gashi yakan ji shi a hanci kawai. Marar gashi kuwa jininsa ne ke tsayawa, har ya kasa ɗaga ƙafa. Saboda haka kowane rami yana da murhu, kowane murhu yana da ƙofar hayaƙi a samansa, kuma akwai wata al'ada da ba a wasa da ita. Ranar da za a kai amarya, uwarta takan ɗebi garwashi daga murhunta ta zuba a kasko, amarya ta ɗauka da hannunta zuwa ɗakin miji. Wannan wuta ba a barinta ta mutu. In tsautsayi ya kashe ta, sai a ɗauki kasko a shiga maƙwabta. Ana hana hatsi, ana hana gaisuwa, amma ba a hana wuta, ko da jiya aka yi dambe.

A cikin waɗannan ramuka akwai na wani tsohon damo mai suna Tunau, da matarsa Tabawa. 'Ya'yansu sun watse, ba su da komai sai juna, da wani faffaɗan dutse da Tunau ya gada a bakin hanya, inda yake shan hantsi kafin jikinsa ya saki. Tabawa ta daɗe ba ta kai wa dutsen ziyara ba. Ciwon sanyi ya riƙe mata gaɓoɓi, ba ta matsawa daga gaban murhu. Wutar uwarta ce, kuma tun ranar aurenta ba ta taɓa mutuwa ba, abin da Tabawa ba ta gajiya da faɗa.

"Malam, ka san wutar nan ta girme ka a gidan nan," takan ce.

"Ta girme ni, ta kuma fi ni ci," in ji Tunau. "Ni dai ɗan aikenta ne."

A shekarar da muke magana, Zaki ya tara majalisa, aka kira kowa da kowa. Dila, wanda shi ne Waziri kuma masanin fada, ya miƙe ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Daji. Ya ku jama'a. Kowa ya ga damina tana makara. Kowa ya ga rafin da kakanninmu suka yi iyo a ciki yanzu ɗan akuya yana tsallake shi. Mun bincika, mun tarar hayaƙi ne ya toshe sama. Saboda haka majalisa ta yanke: kowace ƙofar hayaƙi da ke buɗe za ta biya haraji, daga cikin itacen da mai gida ya saro. Ba don mu ci ba. Don kowa ya ji nauyin hayaƙinsa ya rage. Kuma abin da aka tara za a mayar wa talakawa, mun sa masa suna Rabon Ɗumi. Wanda ya koma gawayi kuwa ba ruwansa da haraji, domin gawayi wuta ce mai tsabta. Illa duk tana cikin hayaƙi."

Abin da ya faɗa game da damina da rafi gaskiya ne, kuma wannan ne ya hana kowa buɗe baki. Wa zai tashi ya ce shi yana goyon bayan fari?

Wani kunkuru dai ya tambaya, a ladabce, ko harajin zai shafi ramukan toya gawayi na Kura, waɗanda ke bayan tsauni suna turnuƙe sama dare da rana. Kura na zaune a gefen sarki. Dila ya yi murmushi ya ce an auna, iska tana kwashe wannan hayaƙi zuwa ƙasar wasu, don haka ba namu ba ne. Aka yi tafi. Masu gashi tafinsu ba ya ƙara, amma ya fi nauyi.

Aka naɗa Shaho mai duba hayaƙi. Yana shawagi, yana gani, yana saukowa ya ɗebi itace. Itacen da aka tara ana kai wa Kura ajiya, Kura kuma ba ya son ganin itace yana zaman banza, sai ya toya shi. Da aka ga masu neman gawayi sun yi yawa, ya ɗaga kuɗinsa, ya ce ai saboda haraji ne.

Ba a daɗe ba majalisa ta lura wuta tana haihuwa. Sai ta ƙara doka: wanda ya ba maƙwabci garwashi, shi zai ɗauki harajin hayaƙin da garwashin ya haifa.

Da safe ne Hakama, wata bushiya gwauruwa da ke maƙwabtaka da su Tunau saboda majalisa ta ce ƙaya ba gashi ba ce, ta yi sallama da kasko a hannu. Tana ta rage itace don gudun Shaho, har wutarta ta mutu. Ta riga ta shiga gidaje da dama. Tunau ya tsaya a bakin ƙofa, ya amsa gaisuwa, ya ja ta da tsawo, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi, idonsa yana sama inda Shaho ke kewayawa.

"Wace ce?" in ji Tabawa daga ciki.

"Hakama ce. Gaisuwa ta kawo."

"Da kasko ake gaisuwa yanzu? Ina jin ƙararsa tun daga nan. Hakama, shigo, ƙyale tsohon nan, sanyi ya taɓa masa kai."

"Tabawa, akwai doka," ya ce a hankali.

"Dokar ta san uwata? Malam, ni na ɗauko wutar nan da hannuna, kai kana can kana gyara wutsiya. Ba a taɓa hana ta ba, ba kuma a bakina za a fara ba."

Ta ja jiki da ƙyar, ta zaɓi garwashi mafi ja, ta zuba wa Hakama. Hakama ta fita tana share hawaye. Kafin hantsi Shaho ya sauka a ƙofar Tunau, ya gaishe shi da ladabi irin na ma'aikaci, ya shaida masa daga yau harajin gida biyu ne a kansa.

Tsoho ne, abin da yake iya sarowa ba yawa. Yanzu mafi yawansa na Shaho ne. Wutar ta koma ɗan ja a cikin toka, Tabawa ta daina tsokanarsa, tana kwance tana karkarwa, tana cewa lafiya lau take. Tunau ya fi tsoron wannan lafiya lau ɗin fiye da kuka.

Sai aka yi shela cewa majalisa ta ji kukan talakawa. Duk gidan da ya liƙe ƙofar hayaƙinsa, za a shafa masa farar ƙasa a bakin rami, haraji ya faɗi daga kansa. Tunau ya zauna ya haɗa maganganun manya wuri guda, kamar yadda mai biyayya yake yi. An ce illa tana cikin hayaƙi. An ce gawayi ba ya hayaƙi. To in haka ne, mai gawayi ba ya bukatar ƙofa a sama, har ma ɗumin da ke gudu ta can zai tsaya a ɗaki. A iya saninsa, da sanin kakanninsa, abu ɗaya ne ke kashe damo a cikin rami, shi ne sanyi.

Ya je wurin Kura. Ba shi da abin bayarwa sai dutsen shan hantsi. Kura ya ce dutse ba abin so ba ne, amma saboda zumunci zai karɓa, ya ba shi buhun gawayi guda.

Ranar da majalisa za ta sake zama, Tunau ya tashi da wuri. Ya kwaɓa laka ya liƙe ƙofar hayaƙi sosai, Shaho ya duba ya shafa farar ƙasa. Ya jera gawayi a kan garwashin Tabawa, ya hura har ya kama. Ɗaki ya ɗau zafi irin wanda ba su taɓa ji ba. Tabawa ta miƙe ƙafa, ta yi ajiyar zuciya.

"Kai, Malam. Yau na ji shi har cikin ƙashi. Ina ka samo?"

"Kyauta ce."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau, amma na gode. Je ka ka faɗa musu abin da za ka faɗa. Ka dawo ka tarar na dama maka kunu, in nuna maka ban mutu ba."

Ya fito, ya ja asabari ya rufe bakin rami, ya tottoshe gefe da ganye don kada iska ta shiga. Ya yi aikin da kyau. Duk abin da ya shafi Tabawa da kyau yake yinsa.

Hawan tsauni ya ɗauke shi lokaci, domin bai sha hantsi ba. Ya wuce dutsensa, ya ga an shanya fatu a kai. Da ya isa, ya jira har aka gama maganar manya, sannan aka ba shi izini.

"Ranka ya daɗe. Ni ban zo jayayya ba. Na yarda sama ta toshe, na yarda a gyara ta. Abu ɗaya nake roƙo. Rabon Ɗumin nan da aka yi mana alkawari, a ba mu shi yanzu da muke jin sanyi. Ku in kun kashe wuta kun koma cikin gashinku. Mu in mun kashe, ba mu da inda za mu koma. Harajin ɗaya ne, amma fatar ba ɗaya ba ce."

Sai wani Rago, ɗan majalisa mai ulu har ƙasa, ya ce shi kam, tsakani da Allah, bai ji wani sanyi ba bana.

Dila ya miƙe. "Dattijo ya yi magana mai kyau, kuma za a duba. Sai dai rabo ba ya yiwuwa kafin a gama tarawa, tarawa kuwa ba ta ƙarewa sai sanyi ya wuce. Amma ku dube shi, jama'a. Shaho ya shaida mini wannan bawan Allah yau da safe ya liƙe ƙofar hayaƙinsa da hannunsa. Ga abin koyi." Aka yi wa Tunau tafi. Bai taɓa samun tafi ba a rayuwarsa, har ya ɗan ji daɗi, abin da bai yafe wa kansa ba daga baya.

Da la'asar ya iso gida. Ya janye asabari, wani ɗumi mai nauyi ya buge shi har kansa ya juya. Tabawa na kwance kusa da murhu, gaɓoɓinta a sake, fuskarta a kwance, kamar yadda take barci lokacin ƙuruciya. Tukunyar kunu na gefe, ludayi a ciki.

"Kin ci amana," ya ce. "Ina kunun?"

Ya sake faɗa. Sannan ya taɓa ta.

Da ya iya juyawa ya dubi murhu, ya ga gawayin ya yi baƙi. Ya tona tokar har ƙasa da farcensa, bai sami ko ɗigon ja ba. Abin da ya shaƙe ta ya shaƙe wutar uwarta.

Ba gidan Tunau kaɗai ba ne. Kafin sanyi ya wuce, ramuka da yawa masu farar ƙasa sun yi shiru, wasu da gawayi, wasu da rashinsa. Shaho ya kai labari cewa hayaƙin gindin tsauni ya kusa ƙarewa baki ɗaya. Bai yi ƙarya ba. Majalisa ta yi godiya ga talakawa bisa haɗin kai.

Rabon Ɗumi ya iso a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema. Ɗaurin itace ne guda, busasshe, mai kyau. Shaho ya ajiye shi a ƙofar Tunau, ya ce rabon mutum biyu ne, ya tambayi lafiyar uwargida.

Tunau ya daɗe yana kallon itacen. Sai ya tuna wani abu, ya miƙe da sauri irin wanda ya manta yana da shi. Ya ɗauko kaskon auren Tabawa ya nufi gidan Hakama. Garwashin da aka zuba mata ranar nan ai na murhun Tabawa ne. In yana raye, to wutar ba ta mutu ba, ƙaura kawai ta yi.

Ya yi sallama. Hakama ta fito, ta ga kaskon, ta gane shi. A gefen ƙofarta akwai farar ƙasa.

"Malam Tunau," ta ce. "Da na ji ana ɗora muku harajina, na kasa barci. Na ce gara in sauke muku nauyi. Ni na zuba wa wutar ruwa da hannuna."

Tunau ya gyaɗa kai. Ya ce ta kyauta, ya ce Allah ya saka da alheri, domin abin da ake faɗa ke nan. Ya koma ya zauna kusa da ɗaurin itacen, kasko a cinyarsa.

Sama a bisa gindin tsauni ta yi tas, ba ko zaren hayaƙi. Daminar dai ta sake makara. A bayan tsauni ramukan Kura suna ci, kuma majalisa ta sa ranar zama don ta binciko wanda ya rage bai biya ba.