Randar da Gudiya Ta Ɗaure wa Baki

"...to ya Gwaggo da ƙafar tata?"

"Da sauƙi. Ta ce in leƙo in ga ko baiwarmu na da rai, don an kwan biyu ba a ji masifarta ba."

"Baiwar wa? Ɗan mace ya tsaya gaban ɗiyar namiji shina kiran baiwa? Tuɓe takalmi, Arzika, yanzu na share wurin ga."

Gudiya ke nan, ungozomar asibiti, tsaye a ƙofar ɗakin shan magani na wani ƙauye can gefen Maiyama. Duk aikinta a Sakkwato ta yi shi, inda ake murɗa famfo ruwa ya zubo. Da aka yanke jihar Kebbi, aka ce kowa ya koma jiharsu, sai aka jefo ta nan, mijinta da 'ya'yanta suna can, shi aiki su makaranta. Masu rabon sun raba ma'aikata, sun raba motoci da kujeru, amma ba wanda ya tambaya ko akwai ruwa inda suke tura bayin Allah. Rijiyar asibitin ta ƙafe tun shigowar bazara, jakin mai kawo mata ruwa daga fadama kuma ya gurgunce. Matan garin a gida suke haihuwa, sai abu ya ɓaci ake ɗauko mata su. Takan wuni ba ta yi magana da kowa ba, in ba ɗan icen mangwaron da ta dasa a bakin baranda ba.

Shi kuwa Arzika taubashinta ne, ɗan Gwaggo ƙanwar babanta, mai sayar da albasa a Aliero. Ga a-kori-kurarsa nan ya tsayar shaƙe da buhuna, ya ɗage murfin inji.

"Mota ce ta yi zahi," in ji shi. "Ruwa nika so in zuba wa lagireto, in kama kasuwar Jega."

Gudiya ta dubi motar. Ko ɗan tururi ba ta gani ba. Ta dai bar shi da zancensa, don rabonta da wanda za ta zaga ya rama har ta manta.

"Yaushe anka ɗauke Jega anka maido ta bayan ɗakina? Daga Aliero titi miƙe yake."

"Kaya na ɗauko Karaye. Ke mi kika sani game da fatauci? Kin zauna nan kina gadin ƙadangaru gwamnati na biyan ki."

"Ƙadangarun sun fi ka ƙamshi. Tun kana bakin gari idona ya fara ruwa, na ce ko dai an buɗe rumbun albasa, ko Arzika ya ɗaga hannu."

"Wanga ƙamshin shi ya auro mini mata."

"Allah sarki, Murjanatu. Tun da ta shiga gidanka take mura."

Ya yi dariya, ya leƙa ciki. A lungu ga wata ƙatuwar randa, an ɗaure mata baki da farin ƙyalle an ɗora faifai.

"Alhamdu lillahi! Ga ruwa nan har da rawani. Ɗebo bokiti."

"Ka taɓa ta in karya maka hannu, in kuma ƙi ɗaure shi. Wagga ta mai naƙuda ce."

"Wace mai naƙuda? Ni akuya kaɗai na gani kwance kan barandarki, ita ma ba ta nemi taimakonki ba."

"Ranar da za a kawo ta cikin amalanke jini na zuba, kai zan aika fadama? Ko ruwan albasa zan matsa in wanke ta?"

Wannan karon ba wasa a muryarta. Randar nan ita ce ta ƙarshe. Gudiya ta rage wanka, ta bar wankin kayanta ya taru, don kada ta kwance ƙyallen nan.

"To ba ni na sha," in ji Arzika. "Ko shi ma sai na yi naƙuda?"

"Cikin nan naka ai ya isa haihuwa."

Ta karkata ɗan tulunta, ta tsiyayo rabin moɗa ta miƙa masa. Ya leƙa ciki.

"Maganin ɗigawa a ido kika ba ni?"

"Shanye. In ka rage, kada ka watsar, ga gindin mangwaro can."

"Kai jama'a! Kawu mutum mai kyauta, ina ya samo wagga? Rowa tun kina yarinya. Ke ce kika ɓoye ƙosai cikin zane har tururuwa ta kore ki daga ɗaki."

"Don ɓarawon gidan na nan. Wa anka ciro daga randar Inna kakarmu da ƙafahu sama?"

"Iyo nika koyo."

Ya zauna bakin baranda, wai sai inji ya huce. Ta janyo kujera 'yar tsugunne. Ya ce zai yi alwala, ta kai shi gindin mangwaro ta tsaya a kansa da buta tana ɗiga masa.

"Ke, alwala ce ko taimama?"

"Ka wanke abin da anka ce ka wanke. Ba a ce ka yi ban-ruwan fadama ba. Nan ruwa ba ya mutuwa sau guda. Wanda na dafa almakashi da shi, shi nika wanke hannu. Na wanke hannu shi ka goge ƙasa. Na guga kuma na wanga ne."

Ta shafa ganyen icen. Arzika ya dube shi, bai kai gwiwa ba.

"Mangwaro kika dasa? Ashe kin san sai kin sha 'ya'yansa kafin a tuna da ke a ofis."

Gudiya ta dubi ɗan icen. Autarta ce ta ba ta ƙwallon mangwaron a tasha ranar da za ta taho. Ta sunkuya tana gyara ƙasar gindinsa, ba abin da ya same ta. Arzika ya yi gyaran murya, ya hau neman hularsa alhali tana kansa.

"To miƙo ruwan wanke hannun in zuba wa mota, rana na yi," ya ce.

Ta ɗauko kwanon, ruwan ya yi fari da sabulu. Ya miƙa hannu, ta janye.

"Ni zan zuba. Kai rabi za ka ba ƙasa."

"Ba aikin mata ba ne. Kawo."

"Na ciro mutane daga cikin mutane, ramin ƙarfe zai gagare ni? Buɗe."

Ya buɗe yana kallon sama. Ta tsiyaya moɗar farko a hankali, don ta san da ramin ya cika zai tayar da mota ya bar ta da akuya. Ko rabi ba ta zuba ba ruwa ya tumbatso, ya gangaro ya bi ƙasa. Lagireton cike yake fal.

"Innalillahi! Ruwana!" Ta cusa kwano ƙarƙashin mota tana tarar abin da ya rage. "Mugu, ɗan mace! Ruwan da na yi ta lallaɓawa tun jiya, ka sa na ba rairayi? Wallahi sai ka tsugunna ka tsotso mini shi!"

Arzika ya riƙe ciki yana dariya har da tari. Ya zagaya baya, ya ture buhunan albasa, ya yaye tamfol. Jarkoki ne jere, sun yi raɓa, ruwan rijiyar Gwaggo ta Aliero.

"Mai jakinku na gani a kasuwa, shi ya ce rijiya ta ƙahe. Da na ce ga ruwa na kawo miki, ai sai ki ce ba ki roƙi bawa ba."

Gudiya ta tsaya da kwano a hannu. Ta ji idonta na yaji.

"Albasar ga taka ce," ta ce, tana goge fuska da gefen mayafi. "Jarkar kananzir ce ko?"

"Gwaggo ta wanke su da hannunta."

"To ɗauko. Kada ka girgiza, kada ka ɗiga. Ka ga bawa na ƙwarai, ba a aike shi rijiya ba ya tahi."

"Na ji, na yarda. Yau dai ni ne."

Sai da ya kai ta ƙarshe lungu, kusa da randa, sannan ta cika moɗa har baki ta miƙa masa. Ya sha ya rage, ya taka da kansa ya tsiyaye wa mangwaro. Ya rufe murfin inji ya shiga mota. Ta dafa ƙofar.

"Ran kasuwa mai zuwa fa? Za ta sake yin zahi?"

"Wagga motar?" Ya murɗa makulli ta tashi bugu guda. "Ai ba ta da lahiya ko kaɗan."

Gudiya ta fashe da dariya, har akuyar baranda ta zabura.